Danƙon da ya tsayar da motar rake

Lokacin saran rake a fadamar Junju, cikin Dallol Mawri, ba a son mota ta kwana garaji. Rake in an sare shi ba ya jira. Rana ta buge shi, ruwansa ya ragu, kuɗinsa ya faɗi.

Wata mota mai kai rake Doso ta soma kuka daga baya. Direba ya taɓa tukunyar ƙarfen da ke tsakanin ƙafafun baya, ya ji ta da zafi kamar tanda.

Mene ne aikin tukunyar nan? Mai huɗa da shanu ya sani: in an zo juyawa bakin gona, san waje ya fi na ciki tafiya. Haka ƙafafun mota wurin kwana. Giyoyin cikin tukunyar su ke raba musu gudu, kuma sai da mai mai kauri suke aiki.

Bakanike, wani dattijo, ya kwance notin ƙasa, mai ya zubo cikin kwano. Sai ga guntayen danƙo ja kamar tsutsotsi. Wanda ya yi gyaran farko ya lafta danƙon like ga bakin murfi, don kada mai ya yi yoyo. Da aka ɗaure, rarar ta matsu ciki, ta gutsuttsure. Wani guntu ya toshe hanyar da mai ke bi zuwa boris, wani ya shiga ƴar kafar da tukunya ke numfashi.

Direba ya ce: «Baba, a zuba sabon mai kawai, masu rake na jira.»

Dattijon ya ce: «Ɗana, maganaɗisun noti ƙarfe yake kamawa, ba ya kama danƙo. Sai hannu.»

Ya rufe giyoyi da tsumma mai tsabta kafin ya kankare bakin tukunya, don abin da ya kankaro kada ya koma ciki. Ya wanke da gazuwal. Ya sa yatsa yana bin haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, yaronsa na juya ƙafa a hankali, wani na riƙe da tocila. Kafar numfashi kuwa da waya ya tsokale ta. Wannan ne aikin da masu gaggawa ke tsallakewa, don ba ya da wuya, gundura kawai gare shi. Manoma suna zaune gindin giginya, suna duban rana.

Da ciki ya bushe, ya zana danƙo siriri kamar zaren saƙa, ya ɗaure, ya hana zuba mai sai danƙo ya kama. Direba ya yi tsaki, amma ya kwana.

Da safe aka cika mai har bakin kafar zubawa. Boris bai ƙone ba, ba a aika Gaya ko Kamba neman sabo ba. Kafin hantsi an gama lodi, mota ta kama hanyar Doso.