Ɗaga mota ba shi ne ƙarshen aiki ba

Direban da ya ɗaga Toyota Hilux tasa don ta ƙetare rairayin hanyar Agadas zuwa Dirku yakan zaci ya gama. Ina! Guntun ƙarfen da aka cusa tsakanin sifirin da gindin ƙafafun baya ƙara wa murɗawa ƙarfi yake yi. Da ya taka totur, ƙafafu su juya gaba, gindin ya murɗe baya, sifirin ya lanƙwashe, taya ta riƙa tsalle, har kardan ya karye. Maganin abin sanduna biyu ne na ƙarfe, daga gindin zuwa shasi, masu hana murɗawar. Biyan kuɗinsu a gareji akwai ciwo, amma cikin Tenere, inda rijiya ke da nisa, karyewar kardan na iya cin ran kowa a motar.