The Clash: gardamar shekarar da ta fi kowace

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Karin maganar nan ta dace da masoyan wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Landan mai suna The Clash. Ƙungiyar ta watse tun 1986, babban mawaƙinta Joe Strummer ya rasu a 2002, kuma samarin da suka yi tsalle a gaban dandalinta yau furfura ta rufe musu kai. Duk da haka, in biyu daga cikinsu suka haɗu, da wuya su rabu ba su tayar da tsohuwar gardama ba: wace shekara ce ƙungiyar ta kai matuƙar ƙarfinta, kuma wace waƙa ce ta fi sauran? Baƙon zancen zai ɗauka hira ce ta marasa abin yi, alhali akwai babbar tambaya a ƙarƙashinta. Shin muryar da aka haifa cikin fushin talakawa tana iya girma, ta ƙware, ta shiga kasuwa, ba tare da ta ci amanar waɗanda suka fara saurarenta ba?

Kafin a fahimci gardamar sai an san Ingilar 1976. Marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, gwamnati ta kai ga neman bashi daga Asusun Lamuni na Duniya, matasan unguwannin ma'aikata kuwa suna fita daga makaranta babu inda za su nufa. A cikin wannan hali aka sami kiɗan da ake kira pank: waƙa gajera, mai sauri, mai kaushi, wadda ba ta bukatar makaɗi ya yi shekaru yana koyo. A wannan shekarar Joe Strummer da Mick Jones da Paul Simonon suka kafa ƙungiyarsu, daga baya mai ganga Topper Headon ya shigo a 1977. A watan Agusta na 1976 rikici ya ɓarke tsakanin ƴan sanda da matasa baƙar fata ƴan asalin tsibiran Karibiyan a bikin unguwar Notting Hill, Strummer da Simonon kuma suna wurin. Daga abin da suka gani aka sami waƙarsu ta farko, White Riot, wadda take zuga matasa farar fata su ma su tashi su nemi haƙƙinsu kamar yadda maƙwabtansu suka yi.

Ɓangare na farko a gardamar su ne mutanen 1977. A wurinsu komai yana cikin faifan farko, wanda ya fito a watan Afrilu na wannan shekara, an naɗe shi cikin ƙarshen mako uku kacal da kuɗi kusan fam dubu huɗu. Sautin ba a goge yake ba, muryar Strummer kamar ta wanda ya kwana yana ihu. Waƙar Career Opportunities tana jera ƙananan ayyukan da ake tura ƴaƴan talakawa, London's Burning kuwa tana bayyana gundurar zama a dogayen benayen gwamnati. Reshen kamfanin CBS na Amurka ya ƙi fitar da faifan saboda kaushinsa, sai ga shi ƴan kasuwa sun yi ta shigo da shi daga Ingila har aka sayar da kimanin dubu ɗari. Mutanen 1977 suna kafa hujja da wannan, su ce gaskiya ba ta bukatar ado, kuma duk abin da ya biyo baya ado ne.

Sai dai a cikin gidansu ma akwai tsaga. Tun a watan Janairu na 1977 ƙungiyar ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin CBS a kan fam dubu ɗari. Mark Perry, mai ƴar mujallar nan Sniffin' Glue, ya yanke hukunci cewa ranar ce pank ya mutu. Ke nan kafin faifan farko ya fito an riga an zargi ƙungiyar da sayar da kai. Ita ma ta ɗanɗana kuɗarta, domin kamfanin ya fitar da wata waƙarta ba da yardarta ba, ta mayar da martani da waƙar Complete Control a watan Satumba, wadda shi kansa kamfanin da ake zagi ya buga ya sayar. Wanda yake neman shekarar da hannun ƙungiyar bai taɓa kuɗin kamfani ba, zai yi ta komawa baya har ya rasa faifan da zai saurara.

Ɓangare na biyu, kuma mafi yawa, su ne mutanen 1979. A watan Mayu Margaret Thatcher ta hau mulki. Ranar 14 ga Disamba faifan London Calling ya fito. Waƙoƙi 19 ne a faifai biyu, ƙungiyar kuma ta nace aka sayar da su kusan a farashin faifai ɗaya don kada su fi ƙarfin aljihun matasa. A nan makaɗan suka buɗe ƙofa: ga rege da ska na Jamaika, ga tsohon kiɗan rok na Amurka, ga ɗan ƙamshin jaz. Spanish Bombs ta waiwayi yaƙin basasar Sipaniya na 1936 zuwa 1939. The Guns of Brixton, wadda Simonon ya rubuta ya kuma rera, ta yi zancen ƴan sanda da unguwar da ya tashi. Hoton bangon ma ya shiga tarihi, inda Pennie Smith ta ɗauki Simonon yana rotsa gitarsa a dandalin Palladium na birnin New York. Mujallar Rolling Stone ta zaɓi faifan a matsayin na ɗaya cikin na shekarun 1980, domin a Amurka sai a watan Janairu na 1980 ya fito. Har wannan ma ya zama abin musu, wasu suna cewa an saci faifan daga shekarunsa.

Akwai kuma ƴan tsiraru masu taurin kai da suke riƙe da 1980 da 1981. Faifan Sandinista!, wanda aka raɗa wa sunan ƴan juyin juya halin Nikaraguwa da suka kayar da Somoza a 1979, faifai uku ne masu waƙoƙi 36. Don ya yi araha, makaɗan sun yafe rabonsu a kan kwafi dubu ɗari biyu na farko da aka sayar a Ingila. Masu suka suna cewa rabinsa ƙaiƙayi ne, da an sheƙe shi da an sami faifai ɗaya da babu kamarsa. Masu kare shi suna nuna The Magnificent Seven, inda ƙungiyar ta gwada salon rap tun yana jariri a titunan New York. Suna kuma tuna cewa a 1981, a wasannin da ta yi a gidan Bond's, ta gayyaci Grandmaster Flash ya buɗe fage, wasu ƴan kallo suka yi masa ihu da jifa. A wannan shekarar ta yi dare bakwai a gidan wasan Mogador na Paris. Wani matashi ɗan asalin Aljeriya, Rachid Taha, ya ba da labarin yadda ya sadu da su a can ya miƙa musu kaset ɗin ƙungiyarsa. A 2004 ya rera Rock the Casbah da Larabci.

Shekarar 1982 ita ce ta fi raba kawuna. Faifan Combat Rock ya kai ƙungiyar inda ba ta taɓa zuwa ba: Rock the Casbah ta shiga cikin goman farko a Amurka, suka yi wasa a manyan filayen ƙwallo. Amma Topper Headon, wanda ya tsara kiɗan waccan waƙa, an kore shi a watan Mayu saboda shan ƙwaya, tun waƙar ba ta yi tashe ba. A 1983 aka kori Mick Jones, ginin kuwa ya fara zuba. Faifan ƙarshe na 1985, Cut the Crap, kusan babu mai tsaya masa. Abin ya ƙara ciwo a 1991, sa'ad da Should I Stay or Should I Go ta zama ta ɗaya a Ingila albarkacin tallar wandon Levi's, a daidai shekarar da gidan rediyon sojojin Amurka yake kunna Rock the Casbah ga dakarun Yaƙin Tekun Fasha. Mutanen 1977 sukan ce, ai dama mun faɗa. Mutanen 1982 kuwa su amsa da Straight to Hell, waƙar da ke cikin wannan faifai, mai zancen ƴaƴan da sojojin Amurka suka haifa suka bari a Biyetnam da baƙin haure da babu mai maraba da su. Ƙungiyar da ta sayar da zuciyarta, in ji su, ba ta rubuta irin wannan.

In aka zo zancen waƙar da ta fi, abin mamaki shi ne yadda ɓangarorin kan haɗu a kan wadda ba ta cikin shekarar kowa. A watan Yuni na 1978, wata biyu bayan ƙungiyar ta yi wasa a gangamin yaƙi da wariyar launin fata na filin Victoria Park, ta fitar da waƙar da ake kira White Man in Hammersmith Palais. Strummer ya je kallon mawaƙan Jamaika yana sa ran jin kukan talakawa, sai ya tarar da kiɗan nishaɗi. Daga wannan takaici ya juya kan nasa mutanen, ƙungiyoyin pank masu mayar da tawaye hanyar neman kuɗi. Kiɗan ya fara da kaushin rok sannan ya zauna a kan takun rege. Waƙar ta yi tambayar da masoya suke yi har yau, ta kuma yi ta ne tun ƙungiyar tana da shekara biyu.

A nan ne ya kamata a yi wa mutanen 1977 adalci, sannan a saɓa musu. Sun yi gaskiya cewa kasuwa tana haɗiye kowace irin murya, tallar wando ta isa shaida. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa ƙungiyar ta canza hanya daga baya. A faifan farko da suke ɗaukakawa akwai Police and Thieves, waƙar Junior Murvin ɗan Jamaika, mai tsawon minti shida a tsakiyar waƙoƙin minti biyu. Irin da ya tsiro a 1979 tun nan aka shuka shi. Abin da suke so shi ne makaɗan su tsaya inda suka same su, kamar malamin da yake jin haushin ɗalibinsa don ya wuce darasin farko. Sau da yawa kuma shekarar da mutum yake karewa ita ce shekarar da shi kansa yake ɗan goma sha bakwai. Ƙuruciyarsa yake yi wa kuka, ya laƙa wa faifai.

In har sai an zaɓa, 1979 ce ta cancanta, domin a cikinta ne kaɗai fushi da ƙwarewa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. A 1977 fushin ya fi hannu. A 1982 hannun ya ƙware amma zumunci ya tsinke. Wannan hukunci ba zai rufe bakin kowa ba, kuma hakan ba laifi ba ne, tun da gardamar ce take sa ake ciro tsofaffin faifai ana sake saurare. A watan Nuwamba na 2002 Strummer yana wasa a zauren Acton na Landan don tara wa ƴan kwana-kwana masu yajin aiki kuɗi, sai Mick Jones ya hau dandali, karo na farko tun 1983. Daga cikin abin da suka kaɗa tare akwai White Riot da London's Burning, waƙoƙin 1977. Bayan mako biyar, ranar 22 ga Disamba, Strummer ya rasu yana da shekara 50.