Hawan Dutse da Farin Wata

Mu da muke koyarwa a makarantun ekklesiya na wajajen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mun san ba a hawan dutse da rana a bazara. Kafin hantsi ya yi zafi kamar tanda. Saboda haka a dā, in za mu kai yara, wata muke fara dubawa.

Lissafin ba wuya. Daren 14 ko 15 wata yakan fito da faɗuwar rana, ya kwana yana haske. Daga nan kowane dare yakan makara da wajen minti 50. Ista kuwa takan zo cikin mako guda bayan cikar wata, don haka a kwanakinta ba a rasa haske da asuba. Sai mu tashi da ƙarfe 4, kowa da sanda da gorar ruwa, rana ta fito muna bisa. Masu hawan Kilimanjaro a Tanzaniya, dutse mai tsawon mita 5,895, su ma da tsakar dare suke kama zangon ƙarshe, da yawa kuma sukan jira cikar wata.

Amma tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, mun bar tafiyar dare. Hasken da yake nuna mana hanya, shi yake nuna mu ga ɓarayin daji.

Iyaye, ku koya wa yara lissafin wata a tsakar gida, domin ranar da hanya ta yi lafiya ta same su a shirye.