Kwanon Majami'a Da Ya Rufe Aji

Duk lokacin da ruwan sama ya bugi kwanon ɗakina da dare, sai damunar 1977 ta faɗo mini, can wani ƙauye a ƙasar Malumfashi inda Baba yake mai bishara na ikilisiyar ECWA. Majami'armu ta laka ce mai jinka. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, rabinsa ma da hatsi ake biyan shi bayan kaka.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE, firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka kwararo kamar fari. Azuzuwan ƙauyenmu biyu ne kacal, don haka mu 'yan aji ɗaya a gindin ɗorawa muke zama, allo jingine da kututture. Hadari na tasowa, an tashi makaranta ke nan.

Mai unguwa ya tara magidanta. Aka yi aikin gayya aka ɗaga ginin aji, aka kuma yanka wa kowane gida damin dawa ɗaya na sayen katako da ƙusa. Nan gunaguni ya tashi. Ga haraji, ga jangali ga masu shanu, ga kuma sabon tara? Baba bai tanka ba. Washegari da asuba ya hau rumbu ya sauko da dami biyu.

Inna ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, ɗaya fa aka ce. Ka duba abin da ya rage a rumbun nan."

Ya ce, "Na duba. Ɗayan na gwauruwar bayan gidanmu ne. Jikokinta uku suna gindin ɗorawar nan."

Da kansa ya kinkima ya kai ƙofar mai unguwa, liman na zaune. Kafin la'asar dammuna sun taru tsibi guda.

Saura rufi. Shekara huɗu ikilisiya na tara baiko, zumuntar mata na ƙuli da man gyaɗa suna sayarwa, har aka sayi bandir ɗin kwano aka jibge a zaurenmu don rufe majami'a. Ranar Lahadi bayan sujada Baba ya roƙi dattawa a ba makaranta. Wani dattijo ya miƙe ransa a ɓace: "Malam, ɗakin Allah zai zauna da jinka, mu rufe ɗakin gwamnati?" Baba ya ce mu sau ɗaya muke taruwa a mako, yaran kuwa sau biyar, kuma yaron da bai iya karatu ba yaya zai buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa? Sai da aka yi Lahadi uku ana tattaunawa. Bai yi amfani da mumbari ya tilasta kowa ba, gida-gida ya bi yana saurare har suka yarda.

Damuna biyu muka ƙara yi muna jan benci daga inda ke yoyo a tsakiyar waƙa. A ajin kuwa, mu da 'ya'yan liman muna zaune tabarma ɗaya, ƙarar ruwa a kan sabon kwano na danne muryar malam, littattafanmu a bushe.

Da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a jiharmu ta wancan lokaci, Kaduna, a 1979, gari ya ɗauki murna, Baba ma ya yi. Amma ya faɗa wa magidanta cewa gwamnati ta sauke nata, nauyin yara yana nan a wuyanmu. Kowace kaka shi ke fara kai nasa.

Ba a taɓa tura shi babbar majami'a ta birni ba, kekensa ɗaya har ya rasu. Ina saurayi abin ya dame ni, ina ganin abokan karatunsa sun yi gaba sun bar shi. Ranar jana'izarsa na gane ma'aunina ne bai da kyau. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka fara a ƙarƙashin wannan kwano suka cika gidanmu, Kirista da Musulmi, kowa na cewa Malam ya rufa masa asiri.

Yau idan aka kawo takardar kuɗin gyaran makarantar unguwarmu, nakan tuna Inna da muciyarta, in tambayi hedimasta ko akwai gidan da ya kasa biya.