Garin Gyaran Gira

Hausawa kan ce garin gyaran gira a kan rasa ido. Na daɗe ina jin wannan karin magana a aji, amma ban ga inda ta zauna daram kamar a harkar ajiye bayanai a kwamfuta ba. A yau sunan kowannenmu yana kwance a cikin wata na'ura, ko a banki, ko a ofishin katin ɗan ƙasa, ko a wurin rajistar jami'a. Masu kula da waɗannan na'urori kullum cikin gyare-gyare suke, kuma yawancin gyaran alheri ne. To, amma ranar da gyara ya ɓaci fa? A fahimtata, hanyar komawa baya tun kafin a taɓa komai ake tanadarta. Wanda bai tanada ba, sai dai a sake aiki daga farko, kuma galibi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ne ke shan wahalar.

Bari in fara da bayanin abu biyu. Rumbun bayanai kamar rajistar makaranta yake. Akwai gurbin suna, da na ranar haihuwa, da na aji. Yawan guraben nan da abin da kowane gurbi ke karɓa, shi ne fasalin rumbun. Ƙara sunan sabon ɗalibi abu ne mai sauƙi. Sauya fasali kuwa, misali a raba gurbi ɗaya ya koma uku, ya shafi duk sunan da aka taɓa rubutawa. Abu na biyu, manyan ma'aikatu suna da wata rajista ta daban wadda ba sunan mutum ko ɗaya a cikinta. Sunayen na'urorinsu ne a ciki: wace kwamfuta ce a wane gari, wace manhaja ke kanta, yaushe aka sabunta ta, wa ya taɓa ta, kuma da wace na'ura take haɗe. Wannan rajista ita ce ke gaya wa injiniya inda gyara ya isa da inda bai isa ba.

Abin da ya faru a Bwari

Ni a Dutse Alhaji na tashi, a ƙaramar hukumar Bwari ta Abuja. Titin da ya ratsa unguwarmu shi ne ke kai mutum garin Bwari, inda hedikwatar hukumar JAMB take. Saboda haka mu 'yan Dutse muna kallon hukumar kamar maƙwabciya, kuma abin da ya same ta a 2025 a kan idonmu ya faru.

An fara jarrabawar shiga manyan makarantu ta wannan shekarar ranar 24 ga Afrilu. Da sakamako ya fito a farkon watan Mayu, sai aka ga daga cikin ɗalibai kusan miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba cikin 400. Iyaye da malamai suka yi ca, musamman a Legas da kudu maso gabas, inda yaran da aka sani da ƙoƙari suka fito da maki kamar ba su taɓa shiga aji ba. Ranar 14 ga Mayu, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tara 'yan jarida a Bwari, ya ba da haƙuri har da hawaye, ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru.

Ga yadda hukumar ta bayyana lamarin. A kwanakin farko na jarrabawar an gano wata matsala a rukunin na'urorin da ke kula da Legas da kudu maso gabas. Aka yi wa manhajar faci, kamar dai yadda mai faci ke yi wa taya, aka gwada, ya yi kyau. Sai dai ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin ba su kai wannan faci ga dukkan manyan kwamfutocin cibiyoyin ba, kuma ba wanda ya lura har aka saki sakamako. Abin ya shafi cibiyoyi 157 da ɗalibai 379,997: cibiyoyi 65 a Legas masu ɗalibai 206,610, da cibiyoyi 92 a shiyyar Owerri masu ɗalibai 173,387. Mafitar da aka samu ita ce a sake jarrabawa. Daga ranar 16 ga Mayu waɗannan yara suka koma ɗakin jarrabawa, da yawansu kuma suna tsakiyar rubuta WAEC.

Ku lura da kyau, shi facin ba shi da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne ba a tabbatar da wace na'ura ta samu, wace ba ta samu ba. Wannan kuwa ba a Nijeriya kaɗai ake yin sa ba. A Amurka, ranar 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari mai suna Knight Capital ya ɗora sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa bakwai, aka manta da ta takwas. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400, kuma kafin shekara ta zagayo an haɗe shi da wani kamfani. Na'ura ɗaya tak da aka tsallake.

Abin da na gani a shago

Irin wannan ɓarna tana da ƙanana, kuma na ga ɗaya da idona. Lokacin hutu nakan taimaka a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwar Dutse, inda muke buga takardu da yi wa mutane rajista. Wata rana shugaban wata makaranta ya shigo da filashi a hannu, ransa a ɓace. Wani matashi ya sayar musu da sabuwar manhaja, ya kwashe sunayen ɗalibai daga tsohuwar takardar Excel ya zuba a cikinta. A da gurbin suna ɗaya ne. Sabuwar manhajar kuwa uku take so: sunan mahaifi, da sunan yanka, da na tsakiya.

Matashin ya umarci na'ura ta yanka kowane suna a inda ta ga sarari. Sunan Bature zai jure wannan, na Bahaushe kuwa ba zai jure ba. Bahaushe kan ɗauki sunansa, ya bi da na mahaifinsa, wani lokaci ya rufe da na garinsu. Aminu Kano da Shehu Shagari duk sunan gari ne a ƙarshen sunansu. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa sunan garin ma kalma biyu ne. Sai ga Abdul a gurbi ɗaya, Aziz a wani, sunan mahaifinsa ya faɗi. Nana Asma'u ta rabu gida biyu.

Ɓarnar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta haruffa. A wajen kwashewar an adana takardar da wani tsohon tsari wanda bai san haruffa masu ƙugiya ba. Duk inda ya ci karo da ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya sa alamar tambaya. Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙasimu ya koma ?asimu. Tunda haruffan uku sun koma alama ɗaya, na'ura ba ta da hanyar sanin wanne ne wanne. Ga shi an riga an shigar da sababbin ɗalibai a kan wannan kwamacala, kuma rajistar jarrabawa ta matso. Duk wanda ya taɓa ganin sunansa ya sha bamban tsakanin takardar makaranta da lambar NIN ya san sintirin da ke biyo baya, daga kotu wajen takardar rantsuwa zuwa layin ofis.

Maigidan shagon, dattijo ne mai sanyin hali, tambaya ɗaya ya yi: "Allah gafarta Malam, akwai kwafin da ba a taɓa ba?" Malam ya ce matashin ya shafe tsohuwar takardar. Can sai ya tuna cewa a zangon da ya wuce ya aika wa mataimakinsa ita ta WhatsApp. Wannan tsohon saƙo shi ya cece mu.

Maigida ya tsara aikin daki-daki. Da farko ya ce a daina shigar da komai, domin duk sunan da aka ƙara, ƙarin aiki ne. Ya yi wa tsohuwar takardar kwafi biyu, ya ajiye ɗaya a gefe. Ita ma lalatacciyar bai yarda a shafe ta ba, tunda sababbin ɗalibai a cikinta kaɗai suke. Muka fitar da sunayensu, muka gwama da babbar rajistar makaranta mai baƙin bango, wadda aka rubuta da biro. Daga nan muka gwada kwashewa da suna goma kacal, muka zaɓi masu wuya: mai ƙugiya, da mai hamza kamar Sa'adatu, da mai kalma huɗu. Sai da goman nan suka fito lafiya sannan muka kwashe saura, muka ƙirga, adadin ya yi daidai. Rabon suna gida uku kuwa, da hannu muka yi shi, Malam yana zaune yana gaya mana wane ɗan wane ne. Kwana uku muka kwashe. A ƙarshe maigida ya buɗe wani ɗan littafi ya rubuta kwanan wata, da abin da aka sauya, da kwamfutocin makarantar biyu da aka ɗora wa gyaran. Wannan ɗan littafi, a ƙaramin matsayi, shi ne irin rajistar na'urorin da na ambata a baya.

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Wani zai ce wannan aikin 'yan sashen kwamfuta ne. Ni ina ganin da namu hannun a ciki. Ni da ba da Hausa na buɗe baki ba, na sha wuya kafin kunnena ya raba kasa da ƙasa, da bata da ɓata. Tun shekarun 1930 rubutun boko ke amfani da ƙugiyar nan don ya raba su, kuma tsarin Unicode da kwamfutocin yau ke aiki da shi ya tanadar wa kowane harafi gurbinsa. Idan ƙugiya ta faɗi a rumbun bayanai, injiniya zai ga alamar tambaya ce kawai. Mai ilimin harshe ne zai san abin da aka rasa, kuma shi zai iya faɗa tun da wuri cewa gurbi uku ba zai ɗauki sunan Bahaushe ba.

Mu ma muna da namu rumbunan. Akwai kalmomin da muke tarawa don kundin digiri, da hirarrakin da muka naɗa a ƙauye, da waƙoƙin baka da muka juya zuwa rubutu. Kafin ka sauya manhaja ko ka sake wa jerin kalmominka tsari, ajiye kwafi a wuri biyu, ka gwada da kaɗan, ka rubuta abin da ka sauya da ranar da ka sauya. Dattijon da ya ba ka tatsuniya bara, wataƙila ba ka sake samunsa bana ba. Jarrabawa ana iya sake ta, duk da wahalar da ke ciki, amma muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya ba a sake naɗar ta.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.