Ido, Launi da Iyakar Al'ada

A shekarar 1991 ne Francisco Varela, masanin halittu ɗan ƙasar Cile, da Evan Thompson da Eleanor Rosch suka wallafa littafin The Embodied Mind, inda suka yi watsi da ra'ayin da ke ɗaukar hankali tamkar kwamfuta mai kwafo hoton duniya ta adana a ka. Mahangarsu, wadda ake kira enaktibizim, tana cewa sani aiki ne da jiki mai rai ke yi a cuɗanyarsa da muhalli. Cikin hujjojinsu akwai gwajin Held da Hein na 1963, inda aka reni 'yan kyanwa a duhu, sannan aka fito da su cikin haske bibbiyu, aka sa ɗaya yana tafiya da ƙafafunsa yana jan ɗan'uwansa a kwando. Abu guda suka gani, amma mai tafiyar ne kaɗai ya iya gane zurfi.

Daga nan wasu kan yi gaggawar cewa mahangar ta gaskata koyarwar Franz Boas da almajiransa, wato kowace al'ada a auna ta da mudunta, har su kai ga cewa kowace al'umma da tata gaskiyar. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin Bahaushe da ke cewa ruwan ɗorawa da ruwan toka da ruwan goro daga abin da hannunsa ke taɓawa ya ciro sunayen launukansa, kuma marini a Ƙofar Mata yana rarrabe matakan shuɗin baba waɗanda idon baƙo zai haɗa su wuri guda.

Sai dai wannan gaggawa ta manta da jiki, alhali shi ne ginshiƙin mahangar. Idon yawancin mutane, ko a ina aka haife su, yana da ƙwayoyin gane launi iri uku, kuma al'ada ba ta da ikon ƙara na huɗu, sai dai ta horar da waɗanda ta tarar. Rosch kanta, a farkon shekarun 1970, ta yi bincike cikin ƙabilar Dani ta tsibirin Niyu Gini, masu manyan kalmomin launi biyu kacal, ta iske sun fi saurin tuna tsantsar ja da tsantsar kore, duk da ba su da sunayensu. Binciken da Debi Roberson da abokan aikinta suka yi daga baya kan mutanen Berinmo ya nuna tasirin harshe ya zarce yadda Rosch ta zata, amma su ma Berinmo da ido irin na kowa suka shata iyakokin launukansu biyar.