Yini Guda a Kan Keke Cikin Tuddan Ingila

Yawancin mutanenmu da Allah Ya nufa da zuwa Ingila, in sun dawo ba su da labari sai na Landan: benaye, jirgin ƙarƙashin ƙasa da tsadar haya. To, a wannan wata zan fitar da mai karatu bayan gari, mu shiga wani yanki mai tuddai da ake kira Cotswolds, kuma a kan keke za mu je.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a can shi ya kawo shawarar. Da farko na ƙi. Na ce masa ni da na bar hawan keke shekara da shekaru, in ce na ƙetare teku don in tuƙa feda? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, a nan har likitoci da lauyoyi keke suke hawa ranar hutu. Ka zo kawai, gani ya kori ji."

Muka shiga jirgin ƙasa a tashar Paddington da sassafe, bayan mun kama wa kekunan gurbi tun wajen sayen tikiti. Cikin kamar awa ɗaya da rabi muka sauka a garin Moreton-in-Marsh. Babban titin da ya ratsa garin, Fosse Way, tun zamanin Rumawa yake, har yau kuwa motoci ba sa yankewa a kansa. Shi ya sa muka kauce masa, muka kama wata siririyar hanya. Abu na farko da yaron ya ja kunnena a kai shi ne hannun hagu. Mu a Gana tun 1974 muka koma dama, su kuwa suna nan a hagunsu.

Waɗannan ƙananan hanyoyi, in ka gan su, ka ce burtali ne aka zuba wa kwalta. Faɗinsu bai wuce na mota ɗaya ba, sai dai jefi-jefi an bar ɗan wurin ratsewa. Dama da hagu katanga ce ta duwatsu masu ruwan zuma, an jera su ɗaya bisa ɗaya ba siminti ba yumɓu. Bayan katangar kuwa tumaki, iya ganinka.

Ashe tumakin nan su ne tushen labarin ƙasar duka. Shekaru ɗari shida da suka wuce, ulun wannan yanki yana cikin wanda ya fi daraja a Turai, fatake na zuwa sayensa har daga Italiya. A Chipping Campden, zangonmu na farko, mun ga gidan wani attajirin ulu mai suna William Grevel, wanda ya rasu a 1401, gidan yana tsaye har yau. Ga kuma rumfar kasuwa ta dutse da aka gina a 1627 don masu sayar da cuku da man shanu da kaji. Da masaƙu suka bunƙasa a arewacin Ingila, sai ciniki ya kau, garuruwan suka yi sanyi. Manyan tituna suka ɗauke motoci, aka bar wa ƙananan hanyoyi manomi da mai doki da mai keke. Nan take na tuna da Salaga da hanyar fataken goro ta kakanninmu. Bambancin dai shi ne, su da kasuwa ta tashi ba su bar hanya ta mutu ba.

Daga nan aka fara hawa. Kai jama'a, tudu ba ya jin magiya! Na saba da keken Rali irin na iyayenmu, wanda kamfanin Raleigh na garin Nottingham ya cika ƙasashenmu da shi, mai giya ɗaya tilo. Wannan kuwa giyarsa ta fi ashirin, ni kuma girman kai ya hana ni sauko da ita. Kafin tsakiyar tudu numfashi ya ƙare, cinyoyi suka ɗau zafi, na sauka ina tura keke. Wata tsohuwa mai furfura, wadda na tabbata ta girme ni, ta zo ta wuce ni a kan nata sannu a hankali, har da gaisuwa. Yaron ya ce, "Kawu, ka sa ƙaramar giya. Sannu ba ta hana zuwa." Na bi maganarsa, na kuwa kai.

A ƙolin tudun akwai hasumiyar Broadway, wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, a wurin da ya kai mita 312 bisa teku. Tudun Cleeve, mai mita 330, ya fi shi tsawo. In gari ya yi garau, ana hango duwatsun ƙasar Wales. A gindin wata katanga muka shimfiɗa rigar ruwa muka yi azahar, muka ci burodi da dabino.

Gangara kuma ta fi hawa haɗari. Kwana-kwanan hanyar ba sa bari ka hango gaba, ga tsakuwa a tsakiya, ga taɓon da tarakta ta zubar. Bayan ƙauyen Snowshill tayata ta baya ta yi faci, kuma a dajin nan babu mai faci a gindin bishiya kamar na Tamale. Da ba don yaron ya riƙo famfo da sabon tif ba, da ƙafa za mu ƙarasa.

Da la'asar muka isa ƙauyen Lower Slaughter. Mai jin Turanci zai zaci mahauta ce, alhali sunan daga tsohuwar kalma yake mai nufin wuri mai laka. Ɗan rafi ne ya ratsa ƙauyen, da tsohon injin niƙa mai aiki da ruwa. Sai tudu na ƙarshe zuwa Stow-on-the-Wold, inda marubucin nan Daniel Defoe ya ruwaito cewa an taɓa sayar da tumaki 20,000 a cin kasuwa guda. Har yau ana ganin matsattsun lungunan da ake koro garke ta ciki zuwa fili. Muka gangara ta Broadwell da Evenlode, muka koma tashar da muka fara, mun yi fiye da mil 30.

Duk wanda zai gwada, ya je tsakanin Mayu da Satumba, ya tanadi hular kwano da rigar ruwa da taswira, don ruwan Ingila ba ya sallama.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne yadda muke raina keke. Yaro ya sami ɗan kuɗi, sai babur. Mai keke kuma a ture shi gefen kwata da oda. A can, tun 2022 ƙa'idar hanya ta ce direba ya bar wa mai keke tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce shi. 'Ya'yanmu nawa ke zuwa makaranta a kan keke kullum, rai a hannun Allah? Direbobinmu, a ba su hanya.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.